Kaka da Ƙaramin Gari a Labaran Soyayya na Hausa: Gurbin da Dutsin-Ma da Kurfi Za Su Iya Cikewa

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wani reshe na ƙagaggun labaran soyayya ya yi tashe a kasuwar littattafai ta Amurka da Ingila. Labarai ne da ake ginawa a ƙaramin gari, a lokacin da ganyen itatuwa ke sauya launi yana zuba kafin shigowar sanyi. Fitaccen misalinsu shi ne The Pumpkin Spice Café na Laurie Gilmore, wanda ya fito a 2023, ya kuma samu karɓuwa ƙwarai ta hanyar masu tallata littattafai a TikTok. Budurwa ta baro babban birni a gajiye, ta karɓi shagon shayi da gahawa na gwaggonta a wani ƙagaggen gari mai suna Dream Harbor, ta haɗu da wani manomi mara yawan magana, mutanen gari kuma suka sa musu ido har al'amari ya tabbata.

Manazarcin adabin Hausa zai iya ɗaukar wannan a matsayin abin da bai shafe shi ba. Sai dai yayin ya tono wata tambaya da ta daɗe tana jiran amsa: a ina marubutan soyayya na Hausa suke ajiye masoyansu, kuma a wane lokaci na shekara? Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa labarin soyayya na Hausa ya yi watsi da abubuwa biyu da suke a tafin hannunsa, wato matsakaicin gari da lokacin kaka, kuma wannan watsi asara ce ga adabi da ma al'ummar da ake rubutu dominta. An ɗauki Dutsin-Ma da Kurfi, a tsakiyar Jihar Katsina, a matsayin ma'auni, domin a can ne hujjar ta fi ƙarfi, a can ne kuma sukar da za a yi mata ta fi nauyi.

2.0 Turakun da Labarin Baƙi Ya Tsaya a Kansu

Irin wannan labari na Turawa yana tsaye a kan turaku uku. Na farko shi ne wuri: gari ne da kowa ya san kowa, inda mai shago da mai gidan burodi da magajin gari duk taurari ne masu sunaye, kuma gulmarsu tana tura labari gaba. Na biyu shi ne lokaci: yanayin shekara yana shiga abinci da sutura da bukukuwa, har ya zama kamar tauraro mai zaman kansa. Na uku shi ne alkawari tsakanin marubuci da mai karatu cewa rikicin ba zai wuce kima ba, kuma ƙarshe zai yi daɗi.

Wannan zubi yana da iyaye. Wasan talabijin na Gilmore Girls, wanda ya gudana daga 2000 zuwa 2007 a ƙagaggen garin Stars Hollow, da finafinan tashar Hallmark, sun riga sun horar da masu kallo a kan son irin wannan gari. Kasuwanci ma yana da hannu, domin tun 2003 kamfanin Starbucks ya mai da ɗanɗanon kayan ƙamshin kabewa alamar shigowar wannan yanayi. Saboda haka masu suka suna da gaskiya idan suka ce akwai ƙawa ta ƙarya a ciki: gari ne da babu talauci na haƙiƙa, babu rufe masana'anta, babu matasan da suka gudu neman aiki. Tun a 1973 Raymond Williams ya nuna a littafinsa The Country and the City yadda adabin Ingilishi ya saba ƙawata karkara ta hanyar ɓoye gumin masu noma ta. Duk da haka, abin koyi yana nan: marubutan sun yarda cewa ƙaramin wuri ya isa ya ɗauki babban labarin zuciya.

3.0 Inda Masoyan Hausa Suke Zaune

Soyayya tsohon jigo ne a zuben Hausa. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, daga cikin littattafan farko na shekarun 1930, ya ginu ne a kan yadda dukiya ta raba saurayi da budurwarsa. Gasar kamfanin NNPC ta ƙarshen shekarun 1970 ta haifar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda aka buga a 1980. Littafin Hafsat ya cancanci a tuna da shi a nan, domin ya sa tauraruwarsa cikin rayuwar Fulani, nesa da benayen birni, kuma hakan bai rage masa armashi ba.

Da guguwar da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano ta taso a tsakiyar shekarun 1980, sai birni ya mamaye fage. Budurwar Zuciya (1987) da Alhaki Kuykuyo Ne (1990) na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna (1991) na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, sun buɗe ƙofar da dubban littattafai suka bi. Muhawarar da ta biyo baya a shafukan jaridu, tsakanin Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme da wasunsu, ta fi mai da hankali ga inganci da tarbiyya da tasirin finafinan Indiya, batun da Brian Larkin ya yi wa nazari a 1997. Tambayar muhalli, wato wuri da lokacin da labari ke gudana, ba ta samu irin wannan kulawa ba.

Duk wanda ya bibiyi labaran da ake yaɗawa yau a WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks zai ga cewa taswirarsu ta kasu gida biyu. A gefe guda akwai Kano da Kaduna da Abuja, daga can kuma sai Dubai da Landan, inda attajirin saurayi yake da kamfani da jerin motoci. A ɗaya gefen akwai ƙauye, wanda sau da yawa ko suna ba a ba shi, inda marainiya take shan azabar kishiyar uwa kafin ƙaddara ta ɗauke ta zuwa birni. Ƙauye mafarin wahala ne, birni kuwa lada. Abin da ya ɓace a tsakani shi ne matsakaicin gari: hedikwatar ƙaramar hukuma mai kasuwar mako da asibiti da makarantar sakandare da fadar hakimi, inda miliyoyin masu karanta waɗannan labarai suke rayuwa, suke zance, suke aure.

Lokaci ma ya ɓace. A cikin falo mai na'urar sanyaya ɗaki, bazara da damina da hunturu duk ɗaya ne. Ana iya karanta labari mai shafi ɗari biyar ba tare da an san ko an yi shuka ko an yi girbi ba. Ruwan sama yakan sauko ne kawai idan ana son masoya su fake wuri guda. Al'ummar da kalandarta ta ginu a kan noma ta wayi gari da adabin soyayya wanda bai san kaka ba.

4.0 Kaka: Ado Ce ko Ƙashin Bayan Labari?

Kuskure ne a fassara yanayin zubar ganye na Turawa da kaka, a ɗauka an gama. Nasu yanayi ne na bankwana da ɗumi, shi ya sa labaransu suke cike da rigunan sanyi da murhu da abin sha mai zafi. Kakar Bahaushe kuwa lokacin cikar buri ne bayan watannin jira. Tana zuwa bayan marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, magidanci yana auna kwano da lissafi. Sai zafin agajere ya nuna gero, yara su fara gasa tumu, a shiga yanka da ɗaurin dami, a ciri gyaɗa, a yi roron wake, a tara harawa a kan rufin ɗaki, dawa ta biyo baya yayin da iskar hunturu ta fara kaɗawa. Mata suna sussuka da shiƙa, masu kala suna bin sawun masu girbi, ana fitar da zakka. Kabewar da Turawa suka mai da alamar talla, a nan tana cikin tukunyar miyar taushe tare da yakuwa da gyaɗa.

Muhimmin abu ga mai ƙaga labari shi ne cewa a ƙasar Hausa kaka tana da alaƙa ta kai tsaye da aure. Da kaka ne manomi yake da abin hannu, saboda haka a al'ada da kaka ake kai gaisuwar iyaye, a biya sadaki, a haɗa lefe, a sa rana. Da kaka ne dandali yake cika, ake kalankuwa da dambe da kokawa, samari suna nuna bajinta, 'yan mata suna gaɗa a farin wata. Bayanta kuma sai cin rani, wanda yake kwashe samari zuwa Kano da Abuja da Legas. Ke nan yanayin da kansa yana ɗauke da wa'adi: saurayin da bai tsayar da magana kafin a gama kai amfanin gona gida ba, zai tafi ya bar fage ga wani. Damin geron da ya samu, da farashin da ya tarar a kasuwa, da bashin takin da ke kansa, su ne za su yanke hukunci a kan soyayyarsa. Marubucin Amurka sai ya ƙirƙiro bikin kabewa kafin ya samu abin da zai tura labarinsa. Marubucin Hausa ya tarar da rikici da wa'adi da warwara duk a shirye cikin kalandar mutanensa.

Dutsin-Ma tana da duk abin da irin wannan labari yake bukata. Gari ne na Yandakan Katsina, mai duwatsu da kasuwar Laraba da ke tara hatsi da dabbobi daga ƙauyukan kewaye. Kusa da shi akwai madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983, da masunta da masu noman rani. A cikinsa akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Waɗannan makarantu suna kawo abin da kowane labarin ƙaramin gari yake nema, wato baƙo: ɗaliba daga wata jiha, malamin da aka turo aiki, mai hidimar ƙasa, ko ɗiyar gari da ta yi karatu a waje ta dawo. Haɗuwar baƙo da ɗan gari, da tambayar asali da iyaye ba sa tsallakewa, da batun haya da tsadar gidaje da jami'a ta jawo, duk kayan gini ne.

Kurfi, garin Maraɗin Katsina, a kan hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma, tana ba da wani launi daban. Ta fi shiru, dangantaka ta fi kusa, kuma idan saurayi ya tsaya a ƙofar wani gida bayan sallar isha'i, kafin gari ya waye labari ya kai kunnen gwaggo da inna. A irin wannan wuri ba a bukatar mugun attajiri ko boka kafin a samu rikici. Kunya, da tsohuwar rigimar iyakar gona tsakanin gidaje biyu, da alkawarin da kaka ta yi wa ɗan 'yar'uwarta, sun isa su riƙe mai karatu.

5.0 Sukar da Ba Za a Kauce Mata Ba

Akwai suka uku, kuma kowace tana da nauyi.

Ta farko ita ce ta tsaro. Dutsin-Ma da Kurfi suna maƙwabtaka da Safana da Batsari, a bakin dajin Rugu, kuma sun ɗanɗana ukubar 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 suna cikin ƙananan hukumomin Jihar Katsina da aka katse wa layukan waya saboda matsalar tsaro. A watan Oktoba na 2023 an sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya. A ƙauyuka da dama na yankin, kakar da ake jira da murna ta zama lokacin fargaba, domin akwai gonakin da ba a iya zuwa girbe su. Mai suka zai ce rubuta labarin natsuwa a irin wannan wuri rashin kunya ne, ko ma cin amanar waɗanda suka rasa 'yan'uwansu.

Amsar ita ce, mutanen waɗannan garuruwa ba su daina aure ba. Ana ɗaura shi, ana kai amarya da rana maimakon dare, ana rage taro, amma ana yi. Adabin da ya ce ba zai taɓa soyayyarsu ba sai an samu zaman lafiya ya bar su a hannun kanun labarai, inda sunan garinsu ba ya fitowa sai tare da adadin mamata. Mutumin da aka san shi da masifa kaɗai, an rage masa mutunci sau biyu: sau ɗaya a hannun wanda ya kai masa hari, sau ɗaya a hannun wanda ya ba da labarinsa. Labarin da ya nuna yadda ake dafa ɗanwake da safe, da yadda budurwa take ɓoye murmushi a bayan mayafi a kasuwar Laraba, yana shaida cewa akwai rayuwa a nan da ta cancanci a kare ta. Sharaɗin kawai shi ne gaskiya. Marubucin da ya share barazanar gaba ɗaya ya yi ƙarya, wanda kuma ya bar ta ta cinye labarin ya koma rubuta wani nau'in daban. Gwaninta tana cikin barin ta a gefen fage, kamar yadda take a rayuwar mutanen: direban da ba ya yarda ya yi dare a hanya, uwar da ba ta barci sai ɗanta ya dawo daga gona. Natsuwar da aka samu a kan wannan sharaɗi ta fi ta Dream Harbor tsada, domin an san abin da aka biya.

Suka ta biyu ta fito daga tarihin adabin kansa. Mata marubuta ba su guje wa ƙauye don son banza ba. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu ya nuna yadda cire yarinya daga makaranta da auren dole suke rusa rayuwa, kuma ga masu karatu da yawa birni yana nufin ilimi da 'yancin zaɓi. Akwai haɗarin cewa kiran a koma ƙaramin gari ya zama kiran a koma ƙarƙashin ikon da aka yi fama da shi. Wannan gargaɗi ne mai kyau. Sai dai Dutsin-Ma ta yau gari ne na jami'a da kwaleji, inda ɗiyar manomi za ta iya yin digiri ba tare da ta bar gidan ubanta ba. Tauraruwar da ta zaɓi zama a garinsu tana malamar asibiti ko mai sarrafa gyaɗa, da iliminta da ra'ayinta, ci gaba ce a kan tafarkin da Balaraba ta share. Labarin da ya ce mace ba ta da mafita sai attajiri ya ɗauke ta zuwa Abuja, shi ne ya fi ƙanƙantar da ita.

Suka ta uku ta kasuwa ce: masu karatu suna biyan kuɗinsu ne don su huta da talauci, ba don a nuna musu shi ba. Janice Radway ta nuna a Reading the Romance (1984) cewa karatun soyayya hutu ne da mata suke ƙwatar wa kansu daga hidimar gida, kuma babu dalilin raina wannan bukata. Amma hutu iri biyu ne. Akwai na mafarkin abin da ba za a taɓa samu ba, akwai kuma na ganin abin da ake da shi ya yi kyau a idon wani. Na biyun shi ne sirrin nasarar labaran ƙaramin gari a Turai da Amurka, kuma ba a gwada shi sosai a Hausa ba balle a ce ya faɗi. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta riga ta nuna cewa labaran rayuwar talakawa suna da masu saurare.

6.0 Nauyin da Ke Kan Manazarta

Masana ba sa rubuta wa marubuta dokoki, amma abin da suka zaɓa su nazarta yana nuna abin da ke da daraja. Akwai ayyuka huɗu da suke jira.

Na farko, a mai da muhalli babi mai zaman kansa a tarken zube. Kundayen digiri sun cika da jigo da salo da zubi da tsari, amma da wuya a ga wanda ya ƙirga garuruwan da labarai suke ambata, ko ya bi sawun damina da kaka da rani a cikinsu. Nazari irin wannan zai tabbatar da iƙirarin wannan maƙala ko ya gyara shi, kuma kowanne riba ce.

Na biyu, a taskace labaran intanet. Rufe dandalin OkadaBooks a 2023 ya nuna yadda rumbun adabi zai iya ɓacewa dare ɗaya. Akwai yiwuwar wasu marubuta na yankin Katsina sun riga sun fara irin wannan rubutu a zaurukan WhatsApp, kuma idan ba a adana ba, tarihin adabi zai rubuta cewa ba a yi ba.

Na uku, a ba karin harshe haƙƙinsa. Masoyan Kurfi ba za su yi zance da Kananci ba. Tattaunawar da aka ji "mi" da "tahi" da "hura" a cikinta tana kafa wuri fiye da shafi guda na siffantawa. Aikin masana harshe ne su taimaka da ƙa'idar rubuta Katsinanci a bakin taurari ba tare da an rikita daidaitacciyar Hausa ta mai ba da labari ba.

Na huɗu, masu koyar da Hausa a manyan makarantun Dutsin-Ma da Katsina suna da ɗalibai da suka taso cikin wannan rayuwa. Darasin ƙagaggen rubutu da zai tura su su tattaro kalmomin girbi da al'adun neman aure daga bakin tsofaffi, sannan su gina gajerun labarai a kansu, zai haɗa adabin baka da na zamani a aiki guda. Kalmomi irin su agajere da karmami da kala suna janyewa daga bakin matasa, kuma labarin soyayya yana isa inda ƙamus ba ya isa.

7.0 Kammalawa

Kayan aro ba ya rufe katara, saboda haka babu amfanin a kwaso shagon gahawa da jajayen ganyaye a dasa su a Katsina. Abin ɗauka daga yayin baƙi shi ne yarda da cewa wurin da mutum yake zaune ya isa a rubuta shi da ƙauna. Dutsin-Ma da Kurfi suna da yanayin da yake ɗaure aure da kansa, da jama'ar da ta san juna, da baƙin da makarantu suke kawowa, da kuma barazanar da ta sa kowace kaka da aka kai gida lafiya ta zama abin godiya. Shekaru arba'in ke nan labarin soyayya na Hausa yana ɗaukar tauraruwarsa daga irin waɗannan garuruwa yana kai ta birni domin ta samu farin ciki. Lokaci ya yi da marubuta za su gwada barin ta a gida, manazarta kuma su kasance a shirye su karanta abin da zai fito da idon basira.